Kurakuran da muke yi wa yaranmu 'yan besbol a zangunan Accra, da yadda za a gyara su

Wajen alwala na fara ganewa. Ɗan ƙanwata, lokacin yana da shekara 14, ya tsuguna da buta a ƙofar gidanmu a Nima gabanin sallar asuba. Da ya zo wanke hannun dama zuwa gwiwa sai na ga ya cije leɓe. Na ce, "Ɗana, me ya sami hannun?" Ya ce, "Ba komai, Kawu, gajiya ce." Na kama hannun zan miƙar, ya ƙi miƙewa duka. Na danna ɗan ƙashin nan na gwiwar hannu, wanda ke gefen jiki, yaron ya zabura. Ranar Asabar a filin besbol shi ya yi ta jefa wa masu bugu ƙwallo wasa guda cur, ranar Lahadi aka sake danƙa masa ƙwallo domin babu mai jifan da ya kai shi a cikinsu. Duka kwana biyun ina bakin fili, kuma ina cikin waɗanda suka yi ta tafa masa.

Besbol ƙaramin wasa ne a Ghana. Yaron da ya taso a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ko Madina, ƙwallon ƙafa ya buɗe ido ya gani, kuma duk lungun da ya shiga akwai wanda zai gaya masa yadda ake tare ƙwallo da ƙirji. Wanda ya ɗauki sanda da safar cafewa ba shi da wannan gatan. Wasan yana da ɗan tarihinsa a ƙasar nan: ƙungiyar Ghana ta zo ta huɗu a wasannin Afirka na 1999 a Johannesburg, kocinta a lokacin ɗan Japan ne, kuma da taimakon Japan aka yi filin besbol da ke makarantar sakandare ta Labone. Amma masu sanin wasan ba su da yawa, kaya ba su isa ba, iyaye kuwa akasarinmu ba mu taɓa riƙe wannan ƙwallon ba kafin 'ya'yanmu su shigo da ita gida. Shekara biyar ke nan ina bin yaron nan fili, ina kallon nasa da na tsararrakinsa. Kurakuran da na gani kusan duk daga tushe ɗaya suke fitowa: gaggawa. Kuma mafi yawansu mu manya muke yin su, yaro ya biya da jikinsa.

Hannun da ake ci tun bai nuna ba

Ƙashin yaro mai tasowa ba irin na babba ba ne. A kusa da gaɓoɓi akwai wuraren da ƙashi ke tsiro, guringuntsi ne mai laushi, kuma a gwiwar hannu ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 15 zuwa 17, na kafaɗa ma yakan ɗan wuce haka. Duk jifa mai ƙarfi yana fizgar wannan wurin. Jifa ɗaya ba ya ɓarna, ɗari ma ba ya yi in an huta. Abin da ke ɓarna shi ne a yi yau, a yi gobe, a yi jibi, hannu bai samu ya farfaɗo ba. Yaron da ya fi kowa iya jifa shi ne ya fi kowa shiga haɗari, domin shi koci ke kira duk sanda wasa ya yi zafi, shi kuma ba zai taɓa cewa a'a ba.

Maganin wannan ƙirge ne, kuma ba mu muka ƙirƙiro adadin ba. Hukumar Little League ta Amurka, wadda ke shirya gasar yara mafi girma a duniya, ta ƙayyade yawan jifan da yaro zai yi a rana: 85 ga ɗan shekara 11 zuwa 12, 95 ga ɗan shekara 13 zuwa 16. Ƙa'idojin Pitch Smart, waɗanda MLB, wato babbar gasar ƙwararru ta Amurka, da hukumar USA Baseball suka fitar a 2014, sun ba ɗan shekara 17 zuwa 18 jifa 105. Wannan iyaka ce, ba a ce lallai sai an kai ta ba. Abin da mutanenmu suka fi mantawa shi ne hutun da ke biyo baya. Yaro ɗan shekara 14 zuwa ƙasa, in ya yi jifa 21 zuwa 35 zai huta kwana ɗaya, 36 zuwa 50 kwana biyu, 51 zuwa 65 kwana uku, in ya kai 66 ko ya wuce, kwana huɗu cikakku ba zai hau tudun jifa ba, wato wurin da mai jifa ke tsayawa. Ɗan shekara 15 zuwa 16 an ɗan sassauta masa: hutun kwana ɗaya yana farawa daga jifa 31, na kwana huɗu daga 76. Kuma ko kaɗan ya jefa, ba a yarda ya yi kwana uku a jere ba. Da mun san wannan, ɗan ƙanwata da ya jefa wasa guda ranar Asabar ba zai sake jefa wa mai bugu ba sai Alhamis.

Wa zai ƙirga? Koci yana da yara goma sha a gabansa, hankalinsa na kan ci. Wanda ya raka yaron shi ya kamata ya ɗauki wannan aikin. Ni ɗan abin ƙirgen nan da ake sa wa a yatsa na saya, irin wanda ake sayarwa a ƙofar masallaci, da ƙaramin littafi da nake rubuta rana da adadi. Kafin a fara wasa nakan je wurin koci in gaishe shi, in ce, "Koci, yaronka ya jefa 40 shekaranjiya, yau hutunsa ne." Da farko abin ya yi masa nauyi. Yanzu shi ke tambayata.

Akwai wata hanyar da ake cin hannun yaro ba tare da an lura ba. An sauke shi daga jifa, sai a sa masa sulke ya koma mai cafewa a bayan mai bugu, domin shi ne mai ƙarfin hannu. Mai cafewa kuwa duk ƙwallon da aka jefo masa sai ya mayar, ga jifan da yake yi da dukkan ƙarfinsa zuwa bes na biyu, ɗaya daga cikin matsayan da masu gudu ke takawa. Dokar Little League ta ce wanda ya jefa 41 ko fiye ba zai yi cafe ba a wannan ranar. Haka nan yaron da ke buga wa ƙungiyar makaranta da ta unguwa a lokaci ɗaya, kowane koci yana ganin jifa kaɗan ya ba shi, alhali hannun ɗaya ne. Littafin ƙirge shi ke haɗa lissafin wuri guda.

Sai kuma abin da yanayinmu ya jawo. A wasu sassan Amurka da Japan sanyi da ƙanƙara suna tilasta wa yara ajiye ƙwallo. Accra ba ta da wannan, daga Janairu zuwa Disamba ana iya fita fili. Masana sun ce mai jifa ya samu aƙalla wata huɗu a shekara ba ya jifan gasa, kuma wata biyu zuwa uku a jere a cikinsu kada ya yi jifa ta saman kafaɗa ko kaɗan. Mu za mu yanka wa kanmu wannan lokacin. Mun zaɓi tsakiyar damina, daga Mayu zuwa Yuli, tunda dama ruwa yana ɓata fili. A watannin nan a bar yaro ya tafi Kawukudi ya buga ƙwallon ƙafa da abokansa. Ƙafarsa za ta yi ƙarfi, numfashinsa ya ƙaru, hannu ya huta, kuma zai dawo yana ɗokin wasan.

Idan ciwon ya riga ya zo, kuskuren da ke biyo baya ya fi na farko muni. Akan shafa man zafi, a ba yaro ƙwayar kashe zogi, a ce ya daure ai namiji ne. Wani lokaci a kai shi wurin mai ɗori ya murza ya ja. Ina girmama masu ɗori, amma wurin tsiron ƙashi da ya tsage ba ya son ja, kuma ido ba ya ganinsa sai hoto. Gajiyar nama dabam take: takan bi dantse da baya da cinya, ta wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Ciwon da yaro zai nuna da yatsa ɗaya a gwiwar hannu ko saman kafaɗa, ko kumburi, ko hannu ya ƙi miƙewa, ko yatsu biyun ƙarshe su riƙa mutuwa, wannan na asibiti ne. A tsayar da jifa a ranar, a ɗauki katin inshorar lafiya a tafi. Likitan da ya duba namu ya hana shi jifa mako shida, bayan nan ya fara da tazara kaɗan, ana ƙarawa sannu a hankali. Wata uku ya yi kafin ya sake jefa wa mai bugu. Ya yi kuka a makon farko, uwarsa ma ta yi.

Yara suna jin labarin tiyatar da ake kira Tommy John, suna ɗauka gyara ne mai sauƙi. Sunan wani mai jifa ne da likita Frank Jobe ya yi wa aikin a 1974, ya ciro jijiya daga ɗaya hannun ya maye gurbin wadda ta tsinke. Jinyar takan ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Shohei Ohtani, ɗan Japan ɗin nan da ke buga MLB, wanda yaranmu ke kallo a waya dare da rana, sau biyu aka yi masa aiki a gwiwar hannu, a 2018 da 2023, kuma yana da likitoci da kuɗin da babu wanda yake da su a zangonmu. Ko Japan, inda aka daɗe ana alfahari da ɗan sakandaren da ya jefa wasa bayan wasa a gasar Koshien, tun 2020 an sa iyakar jifa 500 a mako. Waɗanda suka koya mana wasan sun gyara nasu, bai kamata mu tsaya kan tsohon ba.

Jifan dutse da jifan ƙwallo

Yaranmu sun iya jifa tun suna ƙanana, amma jifan mangwaro da ƙadangare suka iya: a tsaya ƙirji na fuskantar abin, a wurga da hannu kaɗai. A besbol ƙarfi daga ƙasa yake tasowa. Yaro ya juya gefensa ga wanda zai jefa wa, ya taka da ƙafar da ke gaba kai tsaye zuwa gare shi, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, hannu shi ne na ƙarshe kamar bakin bulala. Gwiwar hannu ta kasance daidai kafaɗa, kuma bayan ƙwallo ta fita a bar hannun ya gangara har wajen gwiwar ɗaya ƙafar, kada a tsayar da shi da ƙarfi. Riƙon ma yana da nasa: yatsa biyu a gicciye kan ɗinki, babban yatsa a ƙasa, ƙwallon kada ta nutse cikin tafin hannu. Na ga yaron da jifansa ke karkacewa wata da watanni, ana ta yi masa faɗa, ashe da yatsa huɗu yake damƙe ta.

Wani kuskuren shi ne ɗokin koyon ƙwallo mai lanƙwasa. Kowane yaro yana so ya ga ƙwallonsa ta yi kwana mai bugu ya kai wa iska duka. Ra'ayina, wanda bai iya jefa miƙaƙƙiya shida cikin goma inda aka nuna masa ba, bai kai wannan darasin ba. Bayan miƙaƙƙiya a koya masa mai rage gudu, wadda hannu ke tafiya yadda ya saba amma riƙon ya sa ƙwallo ta iso a makare. Ita ce ke rikita mai bugu, kuma ba ta neman a murɗa wuyan hannu.

A lura da tazara kuma. A filin manya mita 18.44 ne daga tudun jifa zuwa wurin mai bugu, tsakanin bes da bes kuma mita 27.43. Na yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa kimanin mita 14 ne da mita 18. Saboda filin da aka shata ɗaya ne, sai ka ga an tsayar da ɗan shekara 11 a tudun manya, yana yunƙuri da dukkan jikinsa don ƙwallo ta kai. Igiya da aka auna da ɗan toka ko garin alli sun isa a shata masa nasa.

Wajen tare ƙwallon da ta biyo ƙasa, tsoro ne matsalar, kuma tsoron yana da dalili. Filayenmu jar ƙasa ce da tsakuwa, ƙwallo mai nauyin giram 145 takan yi tsalle ta sami yaro a baki. Wanda ta taɓa fasa wa leɓe zai riƙa kawar da fuska, kuma zagi ba ya cire wannan. A koma baya: a mirgina masa ƙwallon roba ko ta tanis da hannu, daga kusa, ba safa, ya durƙusa ya sa hannuwa a ƙasa tukuna sannan ya ɗago. Daga ƙasa ake tasowa a tari ƙwallo, wanda ya fara daga sama ta ƙarƙashinsa za ta wuce. Kafin kowane atisaye kuma yaran su jeru su tsince duwatsu, minti biyar ne. Hular kwano ga mai bugu da makarin gaba ga mai cafewa ba a sassauci a kansu, ko da guda ɗaya ce ake karɓa-karɓa.

Sanda

Yawancin kayan da muke samu kyauta ce daga waje, ko kuma abin da aka tsinta a cikin gwanjo, kuma na manya ne. Yaro ya ɗauki sandar da ta fi ƙarfinsa, sai ya koyi sauke kafaɗa da jan sanda a ƙasa, ɗabi'ar da za ta bi shi shekaru. Gwajin mai sauƙi ne: ya riƙe sandar da hannu ɗaya ya miƙar da ita gefe. In bai iya riƙewa rabin minti ba hannu bai sauka ba, ta yi masa nauyi. In babu wata, ya matsa hannuwansa sama kaɗan daga gindin sandar. Babu abin kunya a wannan, manyan 'yan wasa ma suna yi.

Rashin kaya yakan zama hujjar zama. A Jamhuriyar Dominika, ƙasar da ta fi kowace a wajen Amurka tura 'yan wasa MLB, yara suna wasa a titi da murfin babbar gorar ruwa da sandar tsintsiya, suna kiransa bitiya. Murfin yana shawagi yana kaucewa, wanda ya saba bugunsa ƙwallo za ta zame masa babba. Mariano Rivera na Panama, wanda aka zaɓa cikin zauren gwarzayen wasan a 2019 ba tare da ƙuri'a ɗaya ta ƙi shi ba, da kwalin madara ya yi safarsa ta farko a ƙauyen masunta. Murfin gora da sandar tsintsiya kuwa babu gidan da babu su a Nima. Akwai kuma Baseball5, wanda ake yi da ƙwallon roba da hannu kawai, mutum biyar-biyar, maza da mata a ƙungiya ɗaya, a kowane fili mai siminti. Yana cikin wasannin Olamfik na matasa na Dakar 2026, kuma ya dace da lungunanmu. Ga ƙannensu mata da ke tsaye suna kallo, nan ce ƙofa mafi kusa.

Abin da ya fi karya yara wajen bugu shi ne rashin sanin yadda wasan yake. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa yana ganin in ya fita sau uku bai samu ba, ya tozarta. A besbol wanda ke samu sau uku cikin goma gwani ne, a MLB ma. Ted Williams ne na ƙarshe da ya wuce huɗu cikin goma a kakar wasa ta manyan rukunonin Amurka biyu, a 1941. Na taɓa jin wani uba yana ce wa ɗansa a cikin tirotiro, a gaban mutane, "Kuɗin motar da na kashe a banza." Yaron bai sake zuwa ba. A hanyar komawa gida ni tambaya ɗaya nake yi, "Ɗana, ka ji yunwa?" Maganar wasa sai washegari, in shi ya ɗauko ta.

Ciki, ruwa da azumi

Yaro ya fito tun safe da koko kofi ɗaya, ya tsaya cikin ranar Accra awa huɗu, sannan a yi mamakin ya rasa kuzari. Abincinmu ya isa, ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Koko da ƙosai da ƙwai awa biyu kafin atisaye, wake da shinkafa da kifi ko wagashi bayan an tashi, fura da nono ko burkina, ayaba da gyaɗa a jaka. Ruwa kuma tun kafin ƙishi: leda ɗaya kafin a fara, ana kurɓa duk sanda aka canja gefe. Fitsari ya nuna, in ya yi duhu ruwan bai isa ba. Lemon ƙara kuzari na gwangwani ba na yara ba ne. Taramol kuwa, mun ga abin da ya yi wa samarin zango, duk wanda ya miƙa wa yaro shi da sunan ƙarin ƙarfi ya cuce shi, kuma a gaya wa iyayensa a ranar. Barci awa takwas zuwa goma ne ga mai shekara 13 zuwa 18. Wasannin MLB da tsakar dare suke zuwa mana, yaro ya raba dare yana kallo a waya ya tashi asuba. Ya kalli taƙaitawar da rana.

Watan azumi yana buƙatar shiri, kuma kocin da ba musulmi ba ba zai sani ba sai an gaya masa. Kuskure biyu ake yi: ko yaro ya ɓace wata guda ba sallama, ko ya zo da tsakar rana ya yi atisaye cikakke da baki a bushe. Gajiya ita ce babbar ƙofar rauni ga mai jifa. Mu abin da muka tsara shi ne aiki mara nauyi bayan la'asar, cafe-cafe da gyaran tsayuwa da bugun murfi, yadda za a tashi dab da magariba wajen ƙarfe shida. Jifa mai yawa da gudu a bar su. In gasa ta faɗo cikin watan, uba ko kawu ya je ya zauna da koci tun da wuri a rage wa yaron kaso, maganar hukuncin azumin kuma a kai ta gaban malami, kada a bar yaro ya yanke wa kansa a ɓoye.

Takarda

Wannan sai na faɗe shi a fili, domin a zango mun san ana yi. Wani zai zo ya ce a rage wa yaro shekara biyu don ya shiga rukunin ƙanana ya haskaka. A 2001 wani yaro mai suna Danny Almonte ya girgiza gasar Little League ta duniya, daga baya aka gano shekararsa 14 ba 12 ba, aka soke duk nasarorin ƙungiyarsa, sauran yaran da ba su san hawa ba suka rasa guminsu. Ko ba da niyyar ha'inci ba, takardar da ba ta daidaita ba tana rufe ƙofa. A 2011 wata ƙungiyar yara daga Uganda ta ci gurbin zuwa gasar a garin Williamsport na Amurka, aka hana su biza saboda saɓani a takardun haihuwarsu. Sai a 2012 ƙungiyar Lugazi ta je, ta zama ta farko daga Afirka da ta buga a can. Saboda haka tun yau a duba: takardar haihuwa, katin awo na asibiti, rajistar makaranta, katin Ghana da fasfo, duk su faɗi rana ɗaya da rubutun suna iri ɗaya. Sunayenmu suna shan wahala a hannun masu rubutu, a wata takarda Mohammed, a wata Mahama, a wata Muhammadu. Gyaran yana da sauƙi yanzu, ranar da gayyata ta zo ba zai yiwu ba.

Sai masu zuwa da alkawari. Mutum ya ce yana da hanya a Amurka ko Japan, a kawo sidi dubu kaza na biza da gwaji. Ƙungiyoyin MLB ba sa ɗaukar yaro daga ƙasashen waje kafin ya cika shekara 16, kuma ƙungiyar da take son ɗanka ba za ta nemi uwarsa ta sayar da kayan ɗakinta ba. Duk gayyatar da ta zo, a kai ta ofishin hukumar besbol ta ƙasa a tantance kafin a fitar da ko pesewa ɗaya, kuma fasfon yaro ya zauna a hannun iyayensa.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne yaro ya saki karatu saboda wasa. A dubi Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu. A ɗakin da ke jikin filin wasan Randburg ya girma, inda mahaifiyarsa ke aiki, wato ya buɗe ido a cikin wasan. Ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta Amurka ta ɗauke shi a 2008, amma sai a watan Afrilun 2017, yana da shekara 27, ya taka filin MLB, ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Kusan shekara tara yana ƙananan rukunoni. Hanyar tana nan, amma siririya ce ƙwarai, kuma ɗaya reshenta, wato gurbin karatu a kwalejojin waje, sakamakon jarrabawa yake tambaya kafin gudun ƙwallo. Tun 2017 sakandare kyauta ce a Ghana. Yaron da ya riƙe jarrabawar BECE da WASSCE da kyau, in hannu ya ba shi, to, in bai ba shi ba yana iya zama koci ko alƙalin wasa ko likitan gaɓoɓi, waɗanda wasan nan ke matuƙar nema a ƙasar. A gidanmu sharaɗin a bayyane yake: ranar da aka yi fashin makarantar boko ko ta allo, Asabar ba fili. Sau ɗaya aka gwada mu, muka cika, ba a sake ba.

Yanzu shekararsa 17, yana aji na ƙarshe. Hannun ya warke, yana miƙewa har ƙarshe. Yawancin wasanni tsakanin bes na biyu da na uku yake tsayawa, jifa kuma sau ɗaya a mako. Asabar ɗin da ta wuce suna gaba da ci ɗaya, saura mutum biyu a fitar, na ga gwiwar hannunsa ta fara sauka ƙasa da kafaɗa, ƙwallo biyu a jere sun tashi sama. Abin yatsana yana nuna 78, bai kai iyakarsa ba. Kafin in miƙe sai na ga ya ɗaga hannu ya kira koci da kansa, ya miƙa masa ƙwallon. Wani ƙaramin yaro ɗan Mamobi ya karɓa, aka rama cin, wasan ya tashi kunnen doki. Da muka fito bakin titi muna jiran tirotiro ya ce, "Kawu, nawa na jefa?" Na gaya masa. Ya ƙirga da yatsu ya ce, "To, sai Laraba ke nan." Na buɗe littafin na rubuta.